Yadda Na Sayo Wa Baba Kibod Mai Jin Faransanci

Tun da na dawo daga Damagaram kun hana ni sakat. Wannan ta tare ni a gidan biki, waccan ta kira ni ina tsakar aiki, kowacce tambayarta ɗaya: "Bilkisu, ya Nijar take? Da gaske kin tsallake ƙasa guda don ki sayo kibod?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, balle da na ji an fara zuba masa gishiri, wai an kama ni a kan iyaka da buhun kwamfutoci. To ga shi na zauna na rubuta gaba ɗaya. Wadda ta ƙara tambayata, sai dai ta zo shago in buga mata kwafi ta biya.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Kun san shagonmu na buga takardu a Ɗambatta, wanda ni da yayana Habu muke riƙe da shi, mu shigo daga ƙauye da safe mu koma da yamma. Amma asalin mai shagon Babanmu ne, Malam Garba, wanda har yau dattawan gari suke kira Garba Tafireta. Ya yi aikin buga takardu a ofis tun zamanin tafireta mai ƙararrawa, da ya yi ritaya ya buɗe shagon. Yana da kujerarsa a bakin taga, da kwamfutarsa, da kofin silba cike da ruwa a hannun dama, don ciwon suga ba ya barinsa ya jima bai kurɓa ba. In Baba yana bugu ba ya kallon hannunsa, sai ya ɗaga kai sama kamar mai tilawa, mai takarda yana faɗa yana bugawa. In a rubuce aka kawo, ni zan karanta masa, wai rubutun 'yan zamani tafiyar kaza ce. In ya gama ya ce, "Bilki, duba ki fitar. Babban akawu ba ya duba aikinsa."

Kofin nan shi ya jawo komai. Cikin 'yan watanni Baba ya kashe kibod uku. Zai kai hannu ya sha ruwa, sai ka ji ƙwal, ruwa ya malale cikin maɓallai. A da, dariya za a yi a sayo wani. Amma tun da aka janye tallafin mai, takarda da tawada da man janareto duk suka yi tashin gwauron zabi, ciniki kuma ya ja baya. Yaya Habu ga iyali, ga taki da bai saya ba damina na ƙaratowa. Ranar na ukun haƙurinsa ya ƙare, ya ce, "Baba, don Allah ka huta haka nan. Ka zauna a gida, mu ma za mu iya."

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Na ji. In na ƙara zubar da ruwa a kan kayanku, da ƙafata zan tafi, ba sai an kore ni ba."

Duk wanda ya san Baba ya san in ya faɗi magana ta zauna. Daga ranar ya daina ajiye kofin kusa da shi, ya riƙa wuni da ƙishi, leɓensa a bushe, mutum mai ciwon suga. Abin ya tsaya mini a rai. Tun rasuwar Innarmu gidanmu da rana ba kowa, kowa yana gona ko kasuwa, kuma na san kujerar nan ce take tashin Baba da safe ya sa babbar riga ya kafa hula. In aka raba shi da ita ban san me zai saura ba.

Na fara neman kibod da ba ya jin ruwa. Na shiga Kano na sayo na roba, wanda ake naɗewa kamar tabarma. Gaskiya ruwa ba ya yi masa komai, amma Baba layi ɗaya ya buga ya ture shi. Ya ce, "Tuwo kika kawo mini in tuƙa da yatsa?" Ba ya ƙara, kuma in ba a tsakiyar maɓalli ka danna ba harafin ba zai fito ba, kafin azahar wuyan hannu ya gaji. Na sayo rigar roba da ake lulluɓa wa kibod na yau da kullum, ita kuma in zafi ya taso sai ta riƙa manne wa yatsa tana zamewa. Akwai na uku, mai maɓallai na gaske da ƙofofin fitar ruwa a ƙasa. Da mai shagon ya faɗi kuɗinsa ko tayawa ban yi ba, na ce Allah ya ba da kasuwa.

Ana cikin haka Hassana ta haihu. Hassana 'yar Gwaggo Kande ce, ƙanwar Baba, tana aure a Damagaram. Haihuwar fari ta zo gida wanka, wannan karon kuɗin mota ya hana. Da na kira ta barka muka shiga hira, ta ce ai a kasuwarsu akwai mai sayar da gwanjon kayan ofis, da idonta ta ga yana zuba wa kibod ruwa da buta mutane na kallo. A lokacin ba a jima da buɗe iyaka ba, Gwaggo kuma tana neman 'yar rakiya zuwa suna, don ita ba ta taɓa zuwa ba. Na ce abin nema ya samu.

Muka kama hanya da safe daga tashar Ɗambatta. Ƙaramar mota ce, an cusa mu a baya kamar goro a huhu, direba ma ya raba kujerarsa da wani. Kayan Gwaggo kuwa sai da aka ɗaure but ɗin motar da igiya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, da ƙullin kanwa. Na ce, "Gwaggo, kanwa fa daga can ake kawo mana ita."

Ta ce, "Tasu daban, tawa daban. Ke dai riƙe mini jakata."

Direban in ya ga gangare sai ya kashe mota don ya rage shan mai. Duk kashewa sai Gwaggo ta saki salati ta ce mota ta mutu, duk tayarwa ta yi hamdala. Daga Kazaure zuwa Daura ta yi salatin da zai ishe ta mako guda, direba har ya ce a riƙa ɗauko masa ita kullum don albarka.

A Daura muka sauya mota zuwa Kwangwalam, inda iyakar take. Nan na fara ganin yadda nairarmu ta rame. Na miƙa wa ɗan canji dami, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ko tafin hannu ba su cika ba. Na tsaya ina jiran ragowa, ya ce, "Hajiya, shi ke nan fa." A ɓangarenmu ba a tsare mu ba, jami'in ya buɗe buhun Gwaggo, daddawa ta gaishe shi, ya rufe da sauri ya ce mu wuce. A ɓangarensu wani jandarma dogo ya leƙo, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce wa Gwaggo, "Inna, kar dantite."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan Tite? Ba ni da ɗa mai wannan suna. 'Yata ce ta haihu, Hassana."

Motar ta kwashe da dariya, har jandarman. Ashe katin shaida yake nufi. Na zaro nata da nawa na miƙa, ya duba, ya ce Allah ya raya. Gwaggo ta kwance bakin zane ta ba shi goro, ta ce ya riƙa magana yadda mutane za su gane.

Abin da na fara lura da shi a can, ba sa sauri. Gonakin irin namu ne, geron irin namu, Hausar ma tamu ce sai dai an barbaɗa mata Faransanci yadda muke barbaɗa wa tamu Turanci. Amma direba ya tsaya a Matamaye ya yi salla, ya zauna ya sha shayi, ya gaisa da rabin garin, ba fasinja ɗaya da ya ɗaga murya. Na tuna tasharmu, inda in direba ya tsaya sayen ruwan leda sai an tuna masa asalinsa. Ni kaɗai nake ta duba agogo, har wata mata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Mijin Hassana, Lawali, malamin makaranta ne, shi ya tarbe mu a tasha. Gwaggo ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kunyar suruki. Muna shiga unguwarsu sai maƙwabta suka fara gaishe shi: "Sannu Mushe! Mushe Lawali, an yi baƙi?" Na ji Gwaggo ta damƙe hannuna. Ta yi abin da take kira raɗa, wanda ana jinsa daga ƙarshen layi: "Bilki, surukin nawa ne mushe? Da ransa da lafiyarsa? Kuma yana amsawa!"

Lawali ya yi kamar bai ji ba, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Sai a gida Hassana ta bayyana mata cewa haka suke kiran malamin boko, girmamawa ce, makarantar ma lakwal suke ce mata. Gwaggo ta ce ko me suke nufi, ita dai a gabanta a ce Malam.

An sauke mu a ɗakin uwar Lawali, tsohuwa mai fara'a, amma saboda zafi a tsakar gida kowa yake shimfiɗa, kowa da gidan sauronsa. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, bayansa da tauri. Gwaggo ta ƙwanƙwasa shi a gefen tire ta ce na bara ne aka ba mu. Da ta tsoma a shayi ta ji cikinsa, sai ga ta tana tambaya ko akwai saura. Dambun zogalensu ya fi namu, wannan na yarda, furarsu ma ta sha nono ba rowa. Amma miyar kuka, ku yi haƙuri mutanen Damagaram, ku zo Ɗambatta a koya muku.

Ranar suna na ga abin da ban taɓa gani ba. Mu da an yanka rago sai a daddatsa a hau suya. Su kuwa banƙare shi suke yi a jikin itace, a kafa shi a tsaye gefen wuta ya wuni yana gasuwa, kuma ba mai taɓawa sai washegari a raba wa dangi da maƙwabta. Gwaggo ta wuni tana zagaya ragon nan da ido. Ta ce ba ta taɓa ganin inda ake nuna wa baƙo nama a ce ya dawo gobe ba.

Washegarin suna na ce sai kasuwa. Muka fita ni da Gwaggo bayan azahar, muka tarar rabin shagunan a rufe, masu su sun miƙe a inuwa suna barci. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar. A wajenmu wa zai rufe shago da rana tsaka ciniki na wucewa? Waɗanda muka samu a farke kuma, duk wanda na ce wa kibod sai ya yi mini kallon mai yaren aljanu. Muka dawo gida da ƙafafu a kumbure. Lawali ya ce ai da mun tambaye shi: a can kwamfuta ordinatar ce, kibod kuma kalabiye, mu nemi shagon Isufu. Gwaggo ta ce ta riƙe. Da la'asar muna shiga layin ta riga ni, ta ce wa mutumin farko, "Ɗana, ina mai sayar da kwalabe?" Da ƙyar na ƙwato mu daga hannun wani mai tsofaffin kwalaben turare.

Isufu mutum ne siriri mai yawan murmushi, shagonsa cike da tsofaffin kayan ofis har rufi, ga buta a ƙofa kamar ta alwala. Da na yi masa bayani ya fito da iri uku. Na roba mai naɗewa, na ce mun san juna da wannan. Sai wani fari sumul, an rufe shi ruf da fata ɗaya, ya ce irin na asibiti ne, ana goge shi da magani. Sai wani baƙi mai nauyi, maɓallansa tsaye, ƙasansa da ƙofofi.

Na ari wayar Hassana da ma don wannan. Na kira Yaya Habu ta WhatsApp na ce ya ba Baba. Na ce, "Baba, bari in kunna bidiyo ka gan su."

Ya ce, "Bar bidiyon nan. Kara wayar ki buga in ji."

Na kara a kan farin na buga. Ya ce, "Kin fara?" Na ce ai har na gama. Ya ce, "Ɓera a rumbu ma ya fi wannan motsi. Wuce." Na jawo baƙin na zuba masa yatsu, ƙwas ƙwas ƙwas. Ya ce, "Danna dogon na ƙasa." Na danna. Ya ce, "Yauwa! Wannan ɗan halak ne. Ɗauko shi." Rabon da in ji wannan daɗin a muryar Baba tun kafin maganar kofi.

Isufu ya ce saura gwaji. Ya ɗauki buta ya kwarara wa kibod ɗin ruwa, Gwaggo ta dafe ƙirji. Ya karkata shi ruwan ya zube ta ƙasa, ya girgiza, ya goge. Babu wuta a lokacin, na ce ashe ku ma ana ɗauke muku. Ya ce, "Madam, ai daga wajenku take zuwa, halin gida ta taho da shi." Ya jona shi a laftof ɗinsa mai caji ya ce in buga in gani. Ni kun san ba irin Baba ba ce, da yatsa biyu nake bugu, idona a kan maɓalli. Me mutum zai fara bugawa in ba sunansa ba? Na buga Bilkisu, ya fito tsaf. Na sake, ya sake fitowa. Muka yi ciniki, Gwaggo ta sa baki da zancen zumuncin Kano da Damagaram har ya rage, ya ƙara mini da ɗan burushi gyara. Na fito ina jin kamar an ba ni kujerar Makka.

Ranar komawa dangin Lawali suka haɗa mana tsaraba: cuku, dabino, kilishi, da kanwa wadda ta ninka wadda Gwaggo ta kai. Kallonta kawai na yi, ta ce in kiyaye ta.

Sai da muka tsallako iyaka, muna cikin motar Daura, na zaro kibod ɗin daga kwali na ɗora a cinya ina share shi da gefen mayafi, ina sha'awarsa. Nan idona ya sauka a layin sama. Inda na saba ganin Q da W, sai na ga A da Z. Na duba gidan A, Q ce zaune a ciki. W ta gangaro ƙasa, M ta bar layinta ta koma kusa da L. Wani dattijo ɗan kasuwa da ke gefena ya leƙo ya ce, "Na Faransi ne ai. Duk na ƙasarmu haka suke. Naku ba haka ba ne?"

Sai a lokacin na gane abin da ya faru. Harafin a shi ne gishirin Hausa, da wuya ka yi kalma biyu ba ka taɓa shi ba. Amma duk sunayen duniya, sunana ne babu a, babu m, babu w, babu z. Da Amina aka raɗa mini, ko Maryam, da tun a shagon Isufu asiri ya tonu. Shi bai san namu daban ba ne, ni ban san nasu daban ba ne, ga shi kuɗin sun tafi, ga iyaka a bayanmu. Na tuna yatsun Baba da suka shekara aru-aru suna zuwa gida ɗaya, yanzu a ce su sake koyon hanya da tsufa. Garin neman gira zan rasa ido. Wallahi hawaye ya zubo mini a cikin motar nan.

Gwaggo ta ce, "Ke, ƙirga su. Akwai wanda ya faɗi a hanya?"

Na ce, "Duk suna nan, Gwaggo, wuri suka sauya."

Ta ce, "To shi ne abin kuka? Mutum ma yana sauya ɗaki a gidansa." Ta ɓallo kilishi ta tura mini a hannu. Na ci, don baƙin ciki bai taɓa hana ni cin kilishi ba.

Washegari da muka iso shago Baba ya tsaya gaisawa da mai shayin ƙofarmu, ni kuma na ja Yaya Habu ciki na faɗa masa gaskiya. Ya jona kibod ɗin a kwamfutar Baba ya ce bari ya gani. Shi ma ɗan kallon maɓalli ne kamata. Ya nemi A inda aka zana ta ya danna, ya bi sauran a hankali zai rubuta sallama. Abin da ya fito a allo shi ne: Qssqlq;u qlqiku;

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ruwan Damagaram ya hau wa abin kai. Can dariyar ta tsaya, ya ce, "Yanzu me za mu ce wa Baba?"

Sai ga Baba ya shigo, tare da wani manomi da ke son a buga masa takardar gayyatar ɗaurin auren ɗansa. Ya zauna, ya shafa kibod ɗin daga gefe zuwa gefe, ya danna dogon na ƙasa ya yi murmushi. Na ciko kofin silba na ajiye a damansa, na ce ai yanzu ba komai. Na buɗe baki zan yi bayanin haruffa, ya ɗaga mini hannu ya ce wa manomin, "Bismilla, faɗi."

Manomin ya fara, Baba ya ɗaga kai sama, shago ya cika da ƙwas ƙwas. Na tsaya a bayansa na runtse ido ɗaya ina jiran tarkace. Sai na ga: Assalamu alaikum. Iyalan Malam wane suna farin cikin gayyatar. Kowace a a gidanta, kowace m, kowace w. Na dubi Yaya Habu, ya dube ni. Shi ya fara ganewa, ya ce a hankali, "Kwamfutar ba ta karanta fentin da ke kan maɓalli. Wuri ta sani. Tamu a kan Turanci take, kowane gida yana ba da harafinsa na da. Mai kallo kaɗai zanen yake ɓatarwa."

Daɗi ya kama shi, ya ɗaga murya: "Baba, kai ko a jikinka! Ba ka ga haruffan duk sun sauya wuri ba?"

Baba ya ce, "Waɗanne haruffa?"

Yana faɗa yatsunsa suka tsaya. Ya gane abin da ya fita daga bakinsa, mu ma mun gane. Fararen haruffa ne manya a kan baƙin maɓalli, a ƙarƙashin hancinsa, ga hasken taga. Sai Baba ya ce, "To, tunda ta fito. Rabona da ganin harafi a kan kibod tun Innarku tana da rai. Allon ma haske kawai nake gani, kamar wata a cikin gajimare. Kofin nan da nake turewa, kun zaci ganganci ne?"

Yaya Habu ya ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In faɗa ku ce in zauna a gida?"

Duk karanta mini da duba ki fitar, duk bar bidiyo ki buga in ji, ashe wannan ne. Mun san idonsa ya yi rauni kamar na kowane tsoho, ba mu san ya kai nan ba. Baba ya kai hannu zai sha ruwa ya rufe maganar. Ƙwal. Kofin ya kife gaba ɗaya a kan sabon kibod.

Ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa, ya fara lalubar sandarsa a jikin bango. Ya ce, "Alkawari kaya ne. Malam, yara za su ƙarasa maka."

Yaya Habu ne ya ɗaga kibod ɗin ya karkata shi, ruwan ya tsiyaye ta ƙofofin ƙasa har kan takalminsa. Ya goge shi da hannun rigarsa ya mayar. Ya kamo kafaɗun Baba ya zaunar da shi, ya ɗora masa yatsu a kan maɓallai. Ya ce, "Baba, cewa ka yi kayanmu. Wannan ba namu ba ne, duk shagon nan ba mai iya bugu da shi sai kai. Ƙarasa wa mutum takardarsa." Ya je ya ciko kofin, ya ajiye, ya kama hannun Baba na dama ya taɓa masa shi don ya san inda yake.

Baba ya danna maɓalli ɗaya, ya tambaye ni ko ya fito. Na ce ya fito. Ya ɗaga kai sama ya ce wa manomin, "Muna ina? Za a ɗaura a ina?" Manomin, da ya ga abin da bai zo gani ba, sai da ya share ido da hularsa kafin ya tuna sunan garinsu.

To kun ji yadda Nijar take. Tsaraba kuma kada wadda ta tambaya, Gwaggo ta raba cuku da dabino, kilishi ya ƙare tun a Kazaure, sai kanwa in akwai mai so. Mun kai Baba asibitin ido a Kano, likita ya ce yanar ido ce, in sugan ya daidaita za a cire. Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: in idon ya buɗe kada wanda ya nuna masa kibod ɗin nan, kada ya gani ya ruɗe kamar mu.